Ranar da Na Tare Yaya Musa a Ƙofa

Shekarar da taransifomar layinmu ta ƙone a Unguwar Mu'azu, muka yi damina guda babu wuta, ita ce shekarar da na tare yayana a ƙofar gidana na hana shi shiga. Ku ƙanana kun taso kun ji labarin a bakin mutane, kowa da yadda yake faɗarsa. Wasu sun ce faɗa muka yi a kan 'ya mace za ta tuƙa jirgin sama. Wasu har gado suka kawo a maganar. Babu ɗaya da ke gaskiya. Tun da Allah Ya nufe ni da iya rubutu da girmana, bari in rubuta muku da hannuna yadda abin ya faru, don kada ku ajiye Baffanku a inda ba wurinsa ba.

Yaya Musa shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kawo ni Kaduna ina saurayi, ya sama mini aiki a masaƙa a Kakuri, ya nema mini auren mahaifiyarku. Ginin gidan nan ma tare muka ɗauki bulonsa a ka. Shi yana zaune a Makera, amma gidana bai taɓa zama masa gidan wani ba. Sallamarsa ɗaya ce, kuma yana yin ta ne ƙafarsa na cikin zaure. Ɗakin da ke cikin zauren, mai taga ta bakin hanya, nan yake zama in ya zo, har muna ce masa ɗakin Yaya. Yana da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinmu: duk yaron da zai yi tafiya ko jarrabawa, sai ya zo ya durƙusa gabansa, ya ɗora masa hannu a ka, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa masa. Ba a aika masa. Shi yake tambayar ranar, kuma ba ya mantawa. A cikinku kuwa babu wadda yake ji da ita kamar yayarku Ummi, don sunan mahaifiyarmu ya sa mata. Bai taɓa kiran ta da komai ba sai "uwata".

Da aka rufe masaƙa na fito da sana'a ɗaya tak a hannuna, ita ce kula da injin saƙa, ga shi babu sauran injin saƙa da ke juyawa a garin. Sunana ma ban iya karantawa ba. Na sha wuya kafin in samu in kafa injin markaɗen nan da kuka sani a gefen gida. Wannan abin ne ya tsaya mini a rai lokacin da Ummi ta ci jarrabawar tallafin karatu, aka ɗauke ta koyon tuƙin jirgi a Zariya. Kowa yana murna, ni ina tambaya. A cikin tambayata na ji cewa likita ne ke riƙe da aikin: a kai a kai ake duba ido da kunne da zuciya, ranar da ɗaya ya gaza, ranar aka sauko da kai ƙasa. Sai na tara su a ɗakin Yaya, shi da ita da mahaifiyarku.

"Na yarda ki je," na ce mata. "Amma da sharaɗi. Sai kin haɗa da digiri."

"Baba, ai ba a raba mutum biyu. Litinin zuwa Juma'a ina Zariya."

"Ban san yadda za ki yi ba. Na dai san yadda ake ji in injin da ka iya ya tsaya."

Yaya Musa ya harare ni.

"Garba, kai da ba ka san bihim ba, kai ne mai sharaɗin digiri? Ka bar uwata ta tashi sama mana. In ta tashi, ni za ta fara ɗauka zuwa Makka, kai kana nan kana markaɗa wake."

Muka yi dariya, amma ban janye ba. Ita ce ta nemo mafita da kanta. Ta samu jami'ar da ake karatunta ta intanet, malami yana can, ɗalibi yana ɗakinsa, har jarrabawa ta kwamfuta ake yi. Ta zaɓi fannin harkokin sufuri. Ranar Juma'a da yamma ta dawo daga Zariya, Asabar da Lahadi ta zama 'yar jami'a, Litinin da asuba ta koma ta zama 'yar jirgi. Duk gidan nan babu inda sabis yake kamawa da kyau sai bakin tagar ɗakin Yaya, don haka nan aka sa mata tebur.

Shekara biyu ta yi a haka, kuma ban taɓa ganin mutum ya gaji irin gajiyar yarinyar nan ba tare da ya yi ƙorafi ba. Wani lokaci in ta rufe kwamfuta sai ta ɗauko kujera ta sa a tsakar gida, ta riƙe muciyar tuwo a gabanta, ta rufe ido, tana tura ta gaba tana ja baya, tana magana da Turanci ita kaɗai. Ta ce haka malamansu suka koya musu, mutum ya riƙa sauke jirgi a zuciyarsa kafin ya sauke shi a fili. Mahaifiyarku takan tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Kyaftin, in kin sauka lafiya a ba ni muciyata, ruwan tuwo ya tafasa."

Gidan duka ya shiga karatun nan. In tana da darasi sai in kashe injin, matan da suka kawo markaɗe su zauna jira, wasu su ɗauki bokitinsu su tafi layin baya. Muna da wani jan zakara mai cara da rana tsaka, ranar da ya yi cara malaminta yana tambayar ta, ɗalibai daga garuruwa suka fashe da dariya a kwamfuta, ranar mahaifiyarku ta sa shi a miya. Da taransifoma ta ƙone kuwa, ni nake ɗaukar kwamfutar da ƙaramin batirinta in kai shagon Yohanna a Sabon Tasha a yi caji. Yohanna abokina ne tun masaƙa, yana da sola a shagonsa. Matarsa Malama Rifkatu tana koyar da ajin yaƙi da jahilci a wani ɗaki kusa da shagon. Ina zaune ina jiran caji ina jin manya irina suna maimaita baƙaƙe, sai wata rana ta leƙo.

"Malam Garba, kai ka sa 'yarka karatu biyu, kai ko ɗaya babu? Shigo ka zauna, benci ba ya cizo."

Haka na fara. Wannan rubutun da kuke karantawa daga jiran caji ya fito.

A tsakiyar daminar nan jarrabawar ƙarshen shekara ta zo, mai nauyi, wadda sai an ci ta ake wucewa zuwa shekarar ƙarshe. Dokarta Ummi ta yi mana bayani dalla-dalla. Akwai ma'aikacin jami'a da ke kallon ta ta kyamarar kwamfuta daga inda yake. Kafin a fara sai ta juya kwamfutar ta nuna masa ɗakin kusurwa-kusurwa. In an fara, ba ta fita daga idon kyamara, ba ta magana da kowa, kuma babu mai shigowa. Mun gargaɗi yara, mun gargaɗi maƙwabta. Wanda bai zo mana a rai ba shi ne Yaya, domin shi ba baƙo ba ne balle a gargaɗe shi.

Ranar ina gefen gida ina gyaran bel ɗin injin, mahaifiyarku tana ɗaki. Yaya ya sauko daga keke napep, ya yi sallamarsa ɗaya, ya ɗaga labulen ɗakinsa ya shiga. Ummi ta faɗa mini daga baya cewa ba ta ma yi tunani ba. Abin da jikinta ya saba tun tana rarrafe shi ya yi: ta zame daga kujera ta durƙusa ƙasa ta ce, "Baffa, ina kwana." Ya ɗora mata hannu a ka, ya karanta, ya tofa. Da ya gama sai ya sunkuya ya leƙa fuskar kwamfutar.

"Nan malamin naki yake? Malam, sannu da aiki. A riƙe mana ita amana."

Wanda ke kallo daga can, abin da ya gani shi ne ɗaliba ta ɓace ƙarƙashin tebur, wani dattijo ya shigo yana raɗa, sannan ya cika kyamara da fuskarsa. Nan take aka rufe jarrabawar. Ummi ba ta ce wa Baffanta komai ba. Ta raka shi cikin gida, aka kawo masa koko da ƙosai, ya ci, ya yi wa kowa wasa, ya tafi yana jin daɗin ya sauke nauyi. Sai da ya sha kwana ta shiga ɗakin mahaifiyarku ta fashe da kuka.

Ta yi wa jami'ar bayani, suka saurare ta, kuma ban ga laifinsu ba. Suka ce za ta sake zama sau ɗaya. In aka sake ganin mutum ko aka ji tana magana, korarta za a yi gaba ɗaya. Shekara biyu na rashin hutu za su tafi a banza, kuma ni na ɗora mata kayan.

"Sai ka je ka faɗa wa Yaya," in ji mahaifiyarku.

"In ce masa me? Addu'arka ta ɓata wa uwarka jarrabawa?"

"Don Allah Baba kada a faɗa masa," Ummi ta ce. "Ba zai yi barci ba."

A gidajenmu ba a kallon babba a ce masa alherinsa ya yi ɓarna. Sai muka nemi hanya mai sauƙi. Na je Makera na ce masa an sake sa jarrabawar ranar Asabar, amma muna so ya zo ranar Juma'a da yamma, in ta dawo daga Zariya, ya yi mata addu'a a natse ya ci tuwo. Ya ce madalla. Ranar Juma'a kuwa tun la'asar sama ta buɗe, ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan isha'i. Mutum mai ciwon gwiwa ba ya fita a irin wannan ruwa. Bai zo ba.

Da safe na kashe injin, na jawo benci na gicciye shi a bakin zaure, na zauna a kai da littafin ajinmu ina kwaikwayon baƙaƙe. Yohanna ya kawo batirin da kansa ya zauna gefena. Mata uku ko huɗu suna tsaye da bokitan markaɗe suna jira. Ina jin Ummi ta taga tana nuna ɗakin, sannan shiru. An fara. Ban daɗe da sa fensir a takarda ba na ga keke ya tsaya a bakin kwata, sanda ta fara saukowa, sannan Yaya, da ledar dabino a hannu. Ashe rashin zuwansa jiya ne ya hana shi sukuni.

"Salamu alaikum!"

Na amsa ƙasa-ƙasa, na miƙe tsaye. Ban matsar da bencin ba. Tun da nake ban taɓa tsayawa a gaban Yaya yana tafiya ba, har ƙafafuna ba su san yadda ake yi ba.

"Garba, kawar da bencin nan."

"Yaya, an riga an fara. Ba a shiga."

"Na sani an fara, shi ya sa nake sauri. Hannu kawai zan ɗora mata in fito."

"Yaya, ka yi haƙuri, ka rage murya. Yau ko ni ba na shiga."

Ya dube ni, ya dubi matan, ya dubi Yohanna. Ya yi 'yar dariya kamar wanda ake yi wa wasan da bai gane ba.

"Ni kake hanawa? Ɗakin da na ɗauki bulonsa a kaina?"

Ya sa sandarsa ya tura gefen bencin, ya ɗaga ƙafa zai tsallake. Labulen ɗakin bai fi taku kaɗan daga inda muke ba. Na ga babu sauran dabara. Na sa hannuna a jikin ƙofar, na tare hanya da ƙirjina, na faɗi abin da muka yi ta ɓoyewa.

"Wancan karon shigarka ce ta sa aka soke mata. In ka shiga yau, korarta za a yi."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, sannan ya mayar da ita a hankali. Matan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ta ɗauki bokitinta ta bar wurin.

"Addu'ata ce ta kayar da uwata?"

"Ba addu'arka ba, Yaya. Durƙuson da ta yi maka. Na'urar ba ta san gaisuwa ba."

"Kuma kuka zuba mini ido na ci ƙosai."

Yohanna ya matsa masa wuri a benci ya ce, "Baba Musa, zauna mana, a jira tare." Bai ko dube shi ba. Ya ajiye ledar dabino a kan littafina. Na ɗauka keke zai nema. Sai na ga ya bi jikin gini yana dogara sanda har ya kai daidai ɗakin, gefen tagar inda ba za a gan shi ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a bangon da ruwan jiya ya jiƙa, kamar yadda yake ɗorawa a kan yaro. Leɓɓansa suna motsi, babu sauti. Ya daɗe a haka. Da ya gama ya shafa, ya juya ya tafi bakin titi, bai ce mini sai an jima ba. Yohanna ne ya bi shi ya tsayar masa da keke.

Da Ummi ta fito idonta ya yi ja. Ta ce ta ji sallamarsa, ta ji komai. Ta ce sai da ta saƙale ƙafafunta a ƙafafun kujera don kada jikinta ya sake sauka ba da saninta ba.

"Baba, ranar da malamina ya sauka ya bar ni na tashi jirgi ni kaɗai, ban ji tsoro kamar yau ba. Baffa yana sallama ni ina danna kwamfuta."

Ta ci jarrabawar. Ranar da sakamako ya fito muka tafi Makera ni da ita. Ta durƙusa a gabansa ta ƙi tashi. Ya bar ta ta ɗan jima, yana kallon gefe, sannan ya ce:

"Kin ci?"

"Na ci, Baffa."

"To, ashe ta bango ma tana shiga."

Ya ɗora mata hannu a ka. Ni ma ya amsa gaisuwata, ya tambayi injin, ya tambaya ko an kawo mana wuta. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Bai yi gaba da ni ba ko na yini ɗaya, wannan ku riƙe shi. Taron suna da biki da rashin lafiya duk yana zuwa. Amma daga ranar, in ya zo sai ya tsaya a waje ya yi sallama, ya jira. In na fito sai ya ce, "A shigo, ko ana jarrabawa?" Da farko gatse ne, ina jin sa har ƙashina. Daga baya ya zama wasa, har ku kuna kwaikwayonsa ba ku san mafarinsa ba. Ko an ce ya shigo, tsakar gida yake wucewa ko ya zauna a bencin waje. Ɗakin Yaya bai sake zama a cikinsa ba.

Ummi ta gama duka biyun. Lasisin tuƙi ya riga digirin zuwa da 'yan watanni. Ranar da ta fara sa kayan aiki, Makera ta fara zuwa kafin gida, Yaya ya tara maƙwabta yana nuna ta yana cewa ga uwarsa, ita ke tuƙa na sama. Makka ba ta samu kai shi ba, jikinsa ya riga ya yi rauni. A ciwonsa na ƙarshe ta zo duba shi, ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa, ya buɗe ido da ƙyar.

"Tsaya nan. Ana jarrabawa."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, sannan ya miƙo mata hannu.

Yau yayarku tana aikinta, likita yana duba ta yana sa hannu, kuma in wata rana ya ƙi, tana da abin da za ta koma. Ni kuma ina karanta sunana, ina karanta naku. In da za a mayar da ni safiyar nan, a bakin ƙofar zan sake tsayawa. Na gode wa Allah, ba ni da ƙorafi.

Abin da shekarar ta ci mana ba shi da yawa, ga shi nan. Jarrabawa ɗaya da aka soke. Jan zakara ɗaya. Matan markaɗen Asabar, waɗanda suka koma layin baya, wasunsu har yau can suke kaiwa. Sai sallamar Yaya Musa daga cikin zaure, wadda ban sake ji ba.